Kuɗin Tiyatar Yaya Garba Sun Isa Kitwe Bayan An Binne Shi

Shekara tara ke nan a wannan watan da rasuwar yayana Garba a garin Kitwe na ƙasar Zambiya. Duk shekara idan watan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, saboda an koya mana cewa mamaci addu'a yake so, ba yawan magana ba. Addu'a kam muna yi, Allah Ya ji ƙansa, Ya sa ya huta. Amma bana shirun ya gagare ni. Kwanan baya ina shirin tafiya makaranta na ji wani babban jami'i a rediyo yana ta murna, wai yanzu Afirka ta zama kasuwa ɗaya, ɗan Kano zai biya ɗan Lusaka kamar yadda yake biyan mai shagon unguwarsu. Na kashe rediyon na zauna a bakin gado har na makara.

Mu 'yan Tiga ne, ko in ce waɗanda aka kawo Tiga. Ƙauyen da aka haifi iyayenmu yana ƙarƙashin ruwan dam. Da aka tashe su, Baba ya samu wata gonar rani a gefen ruwa, da ita ya ciyar da mu har ya bar duniya: tumatir, albasa, wani lokacin alkama. Garba ne babba. Ni ce aka bari na yi karatu, kuma da guminsa na yi shi, yau ina koyarwa a wata firamare a Tudun Wada. Shi kuwa tun yana saurayi ya bi wani ɗan kasuwa mutumin Kiru da ke fataucin duwatsu masu daraja zuwa Zambiya. Bai daɗe a harkar dutse ba. Ya ce min ba shi da idon gane dutse, kuma ba shi da bakin rantsuwa a kan abin da bai gane ba. Sai ya buɗe ɗan shago a Kitwe yana sayar da yadi da takalma da dogayen riguna na mata. Kayan daga Johannesburg yake saro su, can Afirka ta Kudu. Matarsa da 'ya'yansa suna Tiga tare da mahaifiyarmu, Inna.

Idan ya zo gida, bayan an ci tuwo, yakan zazzage aljihunsa a kan tabarma don yara su kalli kuɗin ƙasashe. Ga rand na Afirka ta Kudu mai hoton namun daji, ga kwaca ta Zambiya, ga dalar Amurka da ta tsufa ta yi laushi kamar tsumma saboda yawon da ta sha a hannun 'yan Zimbabuwe. A bakinsa na fara jin yadda kuɗi suke tafiya a wancan yanki. Ya ce a cikin gari babu matsala, har mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Kitwe ta fara karɓar kuɗi ta waya, tun lokacin da mu nan ba mu san wannan ba. Amma da zarar an ce kuɗin za su tsallaka iyaka, sai labari ya canza. Banki zai nemi takardar zama, da shaidar gidan da kake haya, da shaidar inda ka samo kuɗin, ya kuma yanki kaso mai tsoka, sannan ka jira. Saboda haka talaka tashar mota yake zuwa. Matan Malawi da na Zimbabuwe masu aikatau a gidajen Johannesburg sukan miƙa wa direban bas ambulan, su faɗa masa sunan uwa da sunan ƙauye, ya cire ladansa ya kai sauran. Shi ma Garba haka yake biyan masu ba shi kaya. A bakin kowace iyaka kuma ga 'yan canji da jakunkuna a wuya, kowa ya taɓa kuɗin sai sun rage.

“Hauwa,” ya ce da ni wata rana yana dariya, “muryata tana zuwa miki daga Kitwe ba a tambaye ta fasfo ba. Hotona ma haka. Kuɗina ne kawai sai sun hau mota kamar fasinja.”

Mu ma muka yi dariya. Labarin wata duniya ne a wurinmu.

Wata safiya, a shekarar nan da dala ta yi wahala a ƙasar nan, aka kira ni. Malam Isiyaka ne, mutumin Doguwa, wanda shagonsa ke jikin na Garba. Ya ce an kwantar da Yaya a wani asibitin kuɗi, ciwon ciki ya kayar da shi a shago. Likita ya ce matsarmamarsa ce ta ruɓe, dole a cire ta kafin ta fashe, kuma ba za a shiga da shi ɗakin tiyata ba sai an ajiye kuɗin aiki. A asibitin gwamnati layi ne mai tsawo. 'Yan'uwa Hausawa da sauran baƙi sun yi karo-karo, amma abin da suka tara gado da magani kawai ya biya. Jarin Garba kuwa kaf ya tura shi sarin kaya, kayan ma ba su iso ba.

Na hau mota na tafi Tiga. Inna ta saurare ni har na gama, ba ta yi kuka ba. Ta aika a kira maƙwabcinmu da ya daɗe yana son gonar rani, ta ce ya saya. Mutumin kirki ne, bai yi amfani da halin da muke ciki ya karya farashi ba, kuma bai ja mu da biya ba. Da Garba ya ji a waya ya fara faɗa da 'yar muryar da ta rage masa, wai gonar Baba ce. Inna ta katse shi.

“Gona ƙasa ce, Garba. Kai na haifa. Ka yi shiru ka sha maganinka.”

Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau, domin shi ne abin da yake ci na har yau. Ba talauci ne ya kashe yayana ba. Kuɗin aikin suna hannuna, cikakku, har da rara, yana da ransa, yana magana, yana tsokanata a waya. Abin da ya rage kawai su tashi daga Kano su sauka Kitwe.

Bankinmu na Tudun Wada suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, in tafi Kano. A Kano aka ba ni fom. Aka ce in kawo takardar kuɗin asibiti mai hatimi, Malam Isiyaka ya turo hotonta, aka ce hoto ba ya yi. Aka ce in kawo wasiƙar likitan Najeriya da ya tura maras lafiyar waje. Na ce babu likitan da ya tura shi, can yake zaune, can ciwon ya same shi. Ma'aikacin, wani matashi mai tsabta da ladabi, ya dube ni da tausayi ya ce, “Hajiya, gaskiya tsarin bai san irin wannan ba.” Ya ƙara min bayani cewa ko da takardun sun cika, sai na shiga layin masu jiran dala, domin naira ba ta zama kwaca kai tsaye. Sai ta zama dala, dalar ta bi ta wani banki a Amurka, sannan ta juyo Afirka. Na tsaya ina kallonsa. Ɗan Afirka yana kwance a Afirka, ƙanwarsa tana tsaye a Afirka da kuɗin gonar ubansu, amma sai wani da bai taɓa jin sunan Tiga ba ya sa hannu a wata nahiya. Na fita na zaga shagunan kamfanonin aika kuɗi, waɗanda allunansu ke ɗauke da tutocin duniya. Amsa ɗaya suka ba ni: su karɓa suke yi, ba sa aikawa.

Ban ƙirga kwanakin da na ɓata a wannan zirga-zirga ba, kuma ba na son in ƙirga. Garba ne da kansa ya ce in bar bankin in je wurin Alhajin da yakan aiko mana da kuɗin cefane ta hannunsa, wani ɗan canji a cikin kasuwa a Kano. Dama tsarinsu shi ne Garba ya ba yaron Alhaji kwaca a Kitwe, mu mu karɓi naira a nan. Na ɗauka juyawa kawai za a yi. Alhaji ya girgiza kai ya ce a wannan lokacin kowa fitar da kuɗi yake son yi, ba shi da ko sisi a Zambiya. A Johannesburg ne yake da mutum mai rand a hannu. Farashin da ya yanka min mai zafi ne, ban kuma yi ciniki ba. Amma zan faɗi gaskiya a kansa: kafin in isa tashar motar Tudun Wada, mutuminsa ya kira ni daga Johannesburg ya ce kuɗi suna hannunsa. Abin da banki mai bene da na'urar sanyaya ɗaki ya kasa, wani dattijo a kan benci ya yi shi da kiran waya ɗaya.

Na yi hamdala, na ɗauka an gama. Ashe iyakokin da Garba yake ba mu labari muna dariya suna nan suna jiran mu.

Mutumin Alhaji ya je shagon aika kuɗi a Johannesburg. Suka nemi takardar zamansa, tasa ta ƙare yana jiran sabuntawa. Suka ce kuma kuɗin sun wuce abin da aka yarda mutum ɗaya ya aika ba tare da ƙarin shaida ba. Ya nemi ɗan ƙasa ya aika da sunansa, kowa ya ji tsoro. Sai ya yi abin da kowa yake yi, ya tafi tasha ya ba direban bas mai zuwa Zambiya. Daga nan muka koma bin mota a waya. An ce sun isa iyakar Zimbabuwe, layin manyan motoci ya toshe hanya. An ce jami'an kwastan sun sa a sauke kayan bas ɗin kaf, ana buɗe buhu ɗaya bayan ɗaya. An ce sun wuce. An ce mota ta lalace a daji ana jiran makaniki. Malam Isiyaka yana zuwa ofishin asibitin yana nuna musu saƙonni, yana rantsuwa, yana cewa su riƙe makullin shagonsa da na Garba. Suka ce baƙi sun sha yi musu haka su gudu.

Maganata ta ƙarshe da Yaya ba ta da tsawo. Zazzaɓi ya riga ya hau shi. Ya tambaye ni ina mota take, na ce ta kusa iyakar Zambiya. Ya ce, “To ai ta zo gida.” Sannan ya ce in gaya wa matarsa ta daina kuka a gaban yara.

Matsarmamar ta fashe kafin motar ta tsallaka. Sai a lokacin aka ɗauke shi da gaggawa zuwa asibitin gwamnati, aka yi aikin da tun farko shi ake nema, amma guba ta riga ta bi jini. Ya cika ranar Alhamis bayan azahar. Musulmin Kitwe suka yi masa sutura, Allah Ya saka musu da alheri. Washegari direban ya iso, ya nemi Malam Isiyaka ya miƙa masa ambulan, babu abin da ya taɓa sai ladansa. Da aka gaya masa mai kuɗin ya rasu, sai ya cire hularsa, ya zaro ladan daga aljihu ya mayar. Ban san sunansa ba, ban san addininsa ba. A duk wannan doguwar hanya, shi kaɗai ne ya ji kunya, alhali shi kaɗai ne ba shi da laifi.

Mutane sun zo gaisuwa suna cewa kwanansa ne ya ƙare. Na yarda. Ni Musulma ce, na san babu mai wuce lokacinsa. Amma ban yarda a mayar da ƙaddara mayafin da ake rufa wa sakaci ba. Wanda ya rubuta dokar da ba ta san cewa ɗan Najeriya zai iya yin ciwo a inda yake neman abinci ba, albashi ake biyan sa. Waɗanda suka zauna a manyan otal suka tsara cewa kuɗin maƙwabci ba za su shiga gidan maƙwabci ba sai sun zaga ta ƙetaren teku, ba ƙaddara ce ta riƙe musu alƙalami ba. Kuma duk mun san waɗanda kuɗinsu ba sa kwana a iyaka. Mai sayen gida a Johannesburg da dukiyar da ba ya iya faɗin asalinta ba ya bin direban bas. Ba a taɓa ce masa tsarin bai san irinsa ba. Duk tsaurin da ake cewa an yi shi don kama ɓarayi, a kan mai aikatau da mai shagon takalma yake ƙarewa, ɓarawon kuwa ta ƙofar gaba yake wucewa ana gaishe shi.

Nakan tambayi kaina me Garba zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna da wasu abubuwa, domin mutum ne mai son sabon abu. Zai ga mai kifi a bakin dam ya rubuta lambar asusunsa a jikin kwali. Zai ga masu cirar kuɗi a ƙarƙashin lema a garin Ƙofa, zai ji 'yar Fulani mai nono a Burumburum tana cewa a tura mata ta waya. Malam Isiyaka, wanda har yanzu yake Kitwe, ya ce can ma an samu sauƙi: akwai shaguna da manhajojin waya da ke kai kuɗi daga Afirka ta Kudu zuwa Zambiya ko Malawi a yini ɗaya. Amma ya ce ladan da suke cira har yanzu yana da ciwo, kuma wanda takardarsa ta samu tangarɗa har gobe tasha yake zuwa. Manyan kamfanoni suna biyan juna ta banki cikin sauƙi, ƙaramin ɗan kasuwa kuwa yana nan yana ɗaure kuɗi a cikin safa.

Bayan na ji jami'in nan a rediyo, na ce bari in gwada da kaina, kada in zalunce shi. Na shiga banki a Tudun Wada na ce ina so in aika wa wani kuɗi kaɗan a Kitwe, da naira, ya karɓa da kwaca. Yarinyar da ke kan teburin ta tambaye ni a wace jiha Kitwe take. Da na yi mata bayani ta shiga ciki ta tambayo, ta dawo ta ce e, an ce akwai sabon tsarin, amma ba a buɗe musu shi a reshensu ba tukuna, in gwada Kano. Da Yaya ne, da ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zo gida ya ba da labari ana cin tuwo. Ni ban gaji wannan halin nasa ba. Na fito na tsaya a rana ina jin abin da na ji shekara tara da suka wuce, babu abin da ya ragu.

Saura in faɗi abin da aka yi da kuɗin. Bayan sadakar uku Malam Isiyaka ya kira ya ce yaya za a yi a dawo da su, ko a fanshi gona. Ya ce sai dai a sake bin hanyar da suka zo, kuma za su ƙara raguwa. Inna ta ce a ba ta wayar.

“Isiyaka, kada kuɗin nan su sake hawa mota. Ku ajiye su a nan. Duk ɗan wani da ciwo ya kayar, ku biya a yi masa aiki a ranar. In ya warke ya mayar, in bai samu ba Allah Ya yafe.”

Haka aka yi. Kayan shagon da suka iso daga baya aka sayar aka ba matarsa da marayu. Kuɗin gonar kuwa suka zama asusun baƙin Kitwe, 'yan kasuwa suna ƙara abin da ya sawwaƙa. Ba su da ofis, ba su da fom. Suna kiran sa kuɗin Garba.

Bara da kaka wani mutum ya yi sallama a gidanmu na Tiga. Ya ce sunansa Sale, ɗan wajen Bebeji ne, tela ne a Kitwe. Ya ce hanjinsa ne ya murɗe, aka kai shi asibiti da safe, kafin la'asar an yi masa aiki, da kuɗin Garba. Ya yi alkawari in ya zo gida sai ya zo ya ga uwar mai kuɗin. Ya durƙusa a gaban Inna yana ta godiya yana hawaye. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ta bari ya gama, sannan ta ce, “Ɗana, matso. Nuna min wurin.” Ya ji nauyi, ya dube ni, na ce ya nuna mata, uwa ce. Ya ɗaga gefen rigarsa. Ta kai hannu ta shafa tabon, bai fi tsawon yatsa ba.

“Ashe iyakarsa ke nan,” ta ce.

Ta sa aka kawo masa fura, ta tambaye shi 'ya'yansa nawa, ta sa masa albarka. Sai da ya tafi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Abin da ya rage na Garba ke nan: 'ya'yansa da suka girma da tsokanarsa a bakinsu, da kabari a ƙasar da babu ɗayanmu da ya taɓa takawa, da mutane irin Sale da suke yawo da ransu. Ina gode wa Allah da wannan, ina kuma roƙon ladan ya kai gare shi. Amma kada wani ya karanta wannan ya ce min ai ga hikimar abin. Alherin Inna ba ya wanke waɗanda suka tsare hanya. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gane cewa maras lafiya ba ya jiran mota, ta kuma gyara iyakar abin da hannunta ya kai. Masu ofis da hatimi da taron ƙasashe har yau suna ce mana a gwada Kano. Yaya ya yafe wa kowa, na san halinsa. Ni ban kai nan ba tukuna.